MAN TI-TIRI: AMFANINSA, IYAKARSA DA DARASIN DA YA KAWO WA MASU DARBEJIYA

A 'yan shekarun nan wata 'yar kwalba mai duhu, wadda ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, ta shigo kantunan sayar da magani da na kayan kwalliya a manyan biranenmu irin su Kano da Sakkwato da Gusau. Daga can kuwa ta fara gangarowa garuruwa kamar Gummi da Anka da Bukkuyum, cikin jakunkunan ma'aikata da 'yan makaranta masu dawowa gida hutu. Abin da ke cikinta wani mai ne garai-garai, mai ƙamshi mai hawa kai kamar na kafur, ana ce da shi man ti-tiri. Ana kuma ganin sunansa a jikin sabulai da man wanke gashi da man shafawa iri-iri.

Masu tallarsa, musamman ta wayar hannu, ba su bar wata cuta ba sai da suka ce yana maganinta, tun daga kurajen fuska har zuwa ciwon sanyi da zazzaɓi. To, Hausawa sun ce dokin mai baki ya fi gudu. Amma ma'aikacin da zai yanki wani abu daga albashinsa ya saya, da ɗalibin da kuraje suka hana shi sakewa cikin 'yan'uwansa, da uwar da makero ya ci kan ɗanta, duk suna da hakkin su san gaskiyar al'amari kafin su buɗe murfin kwalbar. Gaskiyar kuwa ita ce, man yana da amfani tabbatacce ga wasu 'yan cututtukan fata idan an sirka shi an shafa a bayan jiki, guba ne idan an sha, sa'an nan tarihinsa yana ɗauke da babban darasi game da darbejiyar da ke ƙofar gidan kowannenmu.

ASALIN ITACEN

Ma'anar sunan ti-tiri ita ce itacen shayi, amma kada mai karatu ya ruɗe, ba shi da dangantaka da ganyen shayin da muke sha, irin wanda ake nomawa a tsaunin Mambila. Ana danganta sunan da matuƙan jirgin ruwan Kyaftin James Cook na Ingila, waɗanda suka isa gaɓar gabashin Ostareliya a 1770, suka riƙa dafa ganyen wasu itatuwa na wannan dangi suna sha a madadin shayi. Itacen da ake tatsar man daga gare shi masana suna kiransa Melaleuca alternifolia, kuma wannan sunan ne ake rubutawa a jikin kwalbar kirki. Danginsa ɗaya da itacen turare da ma'aikatan gandun daji suka daddasa a ƙasarmu, da gwaiba, da kanumfari.

Itace ne madaidaici, tsawonsa yakan kai mita 7, ganyensa sirara kamar allura, ɓawonsa kuwa yana saɓulewa falle-falle kamar takarda. Yana tsirowa a fadamu da bakin rafuka a arewa maso gabashin jihar New South Wales da kudu maso gabashin Queensland. 'Yan asalin wannan yanki, watau kabilar Bundjalung, su ne suka fara sanin amfaninsa. Sukan murje ganyen su shaƙa domin tari da mura, su kuma ɗora dakakken ganye a kan rauni. Watau dai maganin gargajiya ne na mutanen karkara, kamar yadda saɓara da marke da bagaruwa suke a wurinmu.

Abin da ya fitar da shi daga daji zuwa kasuwannin duniya shi ne aikin wani masanin sinadarai a birnin Sidni mai suna Arthur Penfold. A shekarun 1920 ya tatsi man ya gwada shi, ya ba da rahoton cewa a cikin kwalabe na ɗakin gwaji ya fi sinadarin kabolik ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta fiye da ninki 10. Kabolik kuwa shi ne abin da likitocin wancan zamani suke auna ƙarfin magungunan tsabtace rauni da shi. Daga nan aka fara sayar da man. Da magunguna irin su fenisilin suka yaɗu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai kasuwarsa ta faɗi, aka kusa mantawa da shi. Bai farfaɗo ba sai a shekarun 1970 da 1980, lokacin da manoman Ostareliya suka fara shuka itacen a manyan gonaki maimakon yawon sara a daji.

YADDA AKE TATSARSA

Ba matse shi ake yi ba kamar man gyaɗa ko man riɗi. Ana sare ganye da ƙananan rassa a zuba cikin wata babbar tukunya, a tura tururin ruwan zafi ya ratsa su. Tururin yakan kwaso man ya bi ta wani bututu mai sanyi ya koma ruwa, sa'an nan man ya taso sama a kwalfe shi. Kilo 100 na ɗanyen ganye ba ya ba da mai fiye da kilo 1 zuwa 2. Wannan shi ya sa yake da tsada, shi ya sa kuma algus ya yi yawa a cinikinsa, domin wasu sukan gauraya shi da mai mai araha ko ragowar sinadaran masana'antu. Duk wanda ya ga babbar kwalba a kuɗi kaɗan, sai ya tuna araha ba ta ado.

Akwai sinadarai kimanin 100 a cikin man, amma babbansu shi ne wanda ake rubutawa terpinen-4-ol. Shi ne yake huda fatar da ta lulluɓe ƙwayar cuta, abin da ke cikinta ya tsiyaye ta mutu. Yana yin haka ga bakteriya da kuma ƙwayoyin cuta dangin fumfuna. Hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 4730 domin wannan mai. Bisa bugun 2017 na ƙa'idar, tilas sinadarin nan ya kasance tsakanin kashi 35 da 48 cikin 100, wani kuma mai suna siniyol kada ya wuce kashi 10. Mai karatu ya riƙe wannan batu na ma'auni, domin za mu dawo kansa.

ABIN DA GWAJI YA TABBATAR

Kashe ƙwayar cuta a cikin kwalbar gwaji abu ne dabam, warkar da mutum kuma abu ne dabam. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Cututtuka uku ne aka fi gwada man a kansu a jikin mutane, kuma dukkansu sanannu ne a wurinmu.

Na farko kurajen fuska, masu damun samari da 'yan mata. A 1990 likitoci a Ostareliya sun raba mutum 124 gida biyu. Kashi ɗaya aka ba su man shafawa mai ɗauke da ti-tiri kashi 5 cikin 100, ɗaya kashin aka ba su sanannen maganin kuraje benzoyil feroksaid mai ƙarfi daidai da haka. Duka biyun sun rage kurajen. Ti-tiri ya fi jinkirin aiki, amma masu shafa shi ba su sha fama da bushewar fata da ƙaiƙayi da raɗaɗi kamar ɗaya ɓangaren ba. A 2007 aka sake gwaji a Iran da mutum 60 har kwana 45, aka ga lalle ya fi man da babu magani a cikinsa. Sai dai duk wannan ga kuraje marasa tsanani ne. Manyan kuraje masu ƙullutu da mugunya, waɗanda ke barin tabo, aikin likita ne.

Na biyu amosanin ka. A wani gwaji da aka buga a 2002, mutum 126 sun yi mako 4 suna wanke kai kullum, wasu da sabulun ruwa mai ti-tiri kashi 5 cikin 100, wasu da wanda babu. Masu ti-tiri sun sami sauƙi da kashi 41 cikin 100, sauran kuwa kashi 11 kawai. Sauƙi ne ake samu, amosani kuwa yakan dawo idan an daina.

Na uku cin ruwa, watau zagwanyewar tsakanin yatsun ƙafa. Wannan ya shafi mutanen ƙasar Gummi ƙwarai, domin manoman shinkafa da masu lambu da masunta a fadamun gulbin Zamfara sukan yini ƙafa cikin ruwa da taɓo, haka nan sojoji da 'yan sanda da 'yan makarantar kwana masu yini da takalmi sau-ciki da safa. A 2002 aka gwada mai mai ƙarfi, kashi 25 da kashi 50 cikin 100, a kan mutum 158. Cikin masu shafa kashi 50, cutar ta mutu a ƙafar kashi 64 cikin 100, alhali ga waɗanda aka ba ruwan da babu magani kashi 31 ne. Amfani ne babu shakka, amma man shafawa irin kilotirimazol, wanda ake samu a kowane kemis da kuɗi kaɗan, ya fi shi warkarwa. Bugu da ƙari, mai mai ƙarfin nan ya tayar wa wasu da kumburin fata. Kowane magani aka shafa kuwa, muddin ba a wanke ƙafa an tsane tsakanin yatsu an shanya takalmi ba, cutar za ta komo.

YADDA AKE AMFANI DA SHI

Wanda ya ga yana da bukata, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya sayi sabulu ko man shafawa wanda aka riga aka haɗa, aka rubuta yawan ti-tirin da ke ciki. Idan kuwa tsantsarsa ya saya, to, kada ya kuskura ya shafa shi haka nan. A ɗiga ɗigo 5 cikin cokalin shayi ɗaya na man riɗi ko man kwakwa ko narkakken man kaɗanya, wannan ya ba da kimanin kashi 5 cikin 100. Kafin a kai shi fuska, a shafa kaɗan a cikin dantse a jira kwana ɗaya ko biyu. In wurin ya yi ja, ko ya yi ƙaiƙayi ko ƙananan ƙuraje, to, jikin mutum bai karɓe shi ba, sai a haƙura.

Ajiya ma tana da ƙa'ida. Haske da iska da zafi suna sauya sinadaran man, ya koma mai tayar da borin jini da ƙunar fata. A ƙasa irin tamu, inda zafin bazara ke haura digiri 40, kwalbar da ta yi watanni a kan tebur a rana cikin kasuwa, ko a kan taga, ta riga ta tashi daga aiki. A nemi mai duhun kwalba, a duba ranar ƙarewar aikinsa da lambar rajistar hukumar NAFDAC, a rufe murfi gam, a ajiye a wuri mai sanyi inda hannun yaro ba ya kaiwa.

INDA BAI KAI BA

A nan ne ake yin babbar hasara, domin mutum yakan ɓata makonni yana shafe-shafe cuta tana cin gaba. Makero, wanda ke cin kan yara a makarantun firamare da na allo, ya shiga cikin saiwar gashi, inda abin shafawa ba ya isa. Maganinsa na sha ne, kamar giriseyofulbin, wanda ma'aikacin lafiya zai auna bisa nauyin yaro a sha mako 6 zuwa 8. Idan aka yi sakaci, kan yakan kumbura ya yi ruwa, ya bar sanƙon da gashi ba ya sake tsirowa. Tilas kuma a kula da aska da almakashi da mataji da hula, domin ta nan yake yaɗuwa daga wannan kai zuwa wancan.

Ƙazuwa ma haka take. Wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani yake haƙa rami cikin fata. Tana da magungunanta sanannu a asibiti, kuma sai an yi wa duk mutanen gida ko na ɗaki magani lokaci guda, an wanke tufafi da shimfiɗa an shanya a rana, sa'an nan ake rabuwa da ita. Gyambo, da ƙuna mai faɗi, da ciwon ƙafar mai ciwon sukari, da saran maciji, da cizon kare, babu ɗayansu da ya kamata a tsaya ɗiga masa mai a gida. Ba a ɗiga shi a ido, ba a ɗiga shi a kunne, mata kuma kada su yarda da masu cewa a yi matsi da shi, domin fatar wurin ba ta jure zafinsa. Zazzaɓin cizon sauro kuwa a cikin jini yake, babu abin da man shafawa zai yi masa. Gwajin jini da maganin asibiti su ne hanya.

ZUMA DA ZAƘI DA HARBI

Babban haɗarin man ti-tiri shi ne a sha shi. Yana taɓa ƙwaƙwalwa: mutum ya fara magagi, ya riƙa tangaɗi kamar mashayi, ya ruɗe, in abin ya yi yawa ya suma. Likitoci sun rubuta labarin ƙananan yara da suka sha ƙasa da mililita 10, watau cokalin shayi biyu bai cika ba, suka kasa tsayuwa da ƙafafunsu. Kwalbar kuwa ta yi kama da ta maganin ɗigawa na jarirai, ga ta ƙarama daidai hannun yaro. Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin man yana iya sarƙewa ya shiga huhu. Kada kuma a tsaya ɗura masa manja ko madara. A ɗauke shi tare da kwalbar a nufi asibiti nan take. Mai ciki da mai shayarwa da jariri, ya fi kyau su nisance shi sai da shawarar likita. Kyanwa da kare ma yana yi musu illa ko da shafa musu aka yi.

Sau da yawa akan ji mutum ya ce, ai daga itace aka samo shi, ba na Bature ba ne, ba ya cutarwa. Mutanen yammacin Zamfara sun fi kowa sanin raunin wannan magana. Gubar dalmar da ta bayyana a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, wadda ta hallaka yara fiye da 400, daga duwatsun ƙasarmu ta fito, waɗanda aka riƙa niƙawa a cikin gidaje ana neman zinariya. Manya sun shaƙi ƙurar sun tashi, yara ne suka kwanta. Jikin yaro ƙarami ne, abin da babba zai ɗauka ya wuce shi yake kayar da shi. Wannan ƙa'ida ɗaya ce, ko dutse ne, ko saiwa, ko mai.

NAMU NA GIDA

Itacen ti-tiri ba ya cikin itatuwan ƙasarmu. Amma muna da wanda ya yi kama da shi wajen aiki, yana nan a kowace makaranta da kasuwa da harabar ofis daga Gummi har Gusau, watau darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, wasu bedi, wasu maina. Saboda yawanta, yaro zai ɗauka tun fil azal tana nan, alhali ita ma baƙuwa ce. Asalinta ƙasar Indiya da maƙwabtanta. An kawo ta Nijeriya daga Gana a 1928, aka fara dasa ta a Lardin Barno, daga nan ma'aikatan gandun daji da na En'e suka yaɗa ta a sauran lardunan Arewa, ciki har da Lardin Sakkwato wanda Gummi take cikinsa a lokacin. Ba ta yi shekara ɗari a wurinmu ba, amma ta zama 'yar gida.

Jama'a ba su jira wani masani ba suka gano amfaninta. Ana asawaki da ita, ana dafa ganyenta a yi wanka saboda ƙaiƙayi, ana sa busasshen ganye cikin rumbu da adakar tufafi domin korar ƙwari. 'Ya'yanta kuwa, waɗanda muke sharewa mu ƙone, ƙwayar cikinsu tana da mai da yakan kai kashi 40 cikin 100 ko fiye. Mai ne mai kauri da ɗaci, mai wari kamar na tafarnuwa, ana samunsa ta hanyar daka da matsa kamar man gyaɗa.

Masana sun daɗe da sa ido a kanta. A 1959 wani Bajamushe mai nazarin ƙwari, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye kowane ganye ta bar darbejiya. A 1968 masana a Jami'ar Keele ta Ingila suka ware sinadarin da ke yin wannan aiki, aka sa masa suna azadiraktin. Yana hana ƙwaro cin abinci, yana kuma hana shi saɓa ya girma. Saboda haka inda darbejiya ta fi ƙarfin hujja shi ne wajen yaƙi da ƙwari. Alal misali, mililita 2 zuwa 3 na manta, idan aka cuɗa da kilo ɗaya na wake, yana kare shi daga ƙwaro har watanni, sai dai a wanke waken sosai kafin a dafa saboda ɗaci. Ga manomin da ke zuba wa wakensa maganin ƙwari mai guba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wajen cututtukan fata ma an ga manta yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a ɗakin gwaji, ana kuma yin sabulu da man goge baki da ita a Indiya, amma gwaje-gwajen da aka yi a jikin mutane ƙanana ne, ba su kai na ti-tiri tsari ba.

Ita ma tana da nata harbin. A 1981 likitoci a Malesiya sun ba da rahoton jarirai da ƙananan yara 13 da aka ɗura wa man darbejiya a matsayin magani, suka kama amai da magagi da jijjiga, wasunsu suka rasu. Don haka man darbejiya ma na bayan jiki ne, ba a ba yaro ya sha ko kaɗan. Daɗin daɗawa, 'ya'yan da aka tsince daga ƙasa mai laima suka yi fumfuna suna iya ɗaukar guba irin wadda ke lalata gyaɗa, ta bi man. Mai shan dafaffen ganyenta saboda zazzaɓi kuwa, ba shi da hanyar sanin yawan abin da ya sha, domin kofin yau da na gobe ba ƙarfinsu ɗaya ba.

DARASIN DA KE CIKI

To, me ya sa 'yar kwalbar ti-tiri take ƙetare teku ta zo ta ci kuɗinmu, darbejiya kuwa 'ya'yanta suke ruɓewa a gindinta? Ba don wancan itace ya fi wannan albarka ba ne. Bambancin shi ne ma'auni. Mutanen Ostareliya sun ɗauki sanin da kabilar Bundjalung ta gada, suka tantance sinadarin da ke aiki, suka sa masa iyaka sama da ƙasa, suka gwada shi a kan marasa lafiya suka ƙirga waɗanda suka warke da waɗanda ba su warke ba, suka rubuta illarsa a jikin kwalba. Mai saye a Landan ko a Kano ya san abin da ya saya. Mai sayen man darbejiya a gorar ruwa a bakin tasha kuwa bai san ranar da aka matse shi ba, bai san irin 'ya'yan da aka daka ba, bai san abin da aka ƙara a ciki ba.

Akwai kuma batun rubutawa. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya ba wani kamfanin Amurka mai suna W. R. Grace, tare da Ma'aikatar Gona ta Amurka, hakkin mallakar wata hanyar kashe fumfunar shuka da man darbejiya. Mutanen Indiya da magoya bayansu suka ƙalubalanci abin, suka kawo shaidar cewa an daɗe ana yin haka a ƙasarsu. A 2000 aka soke rajistar, a 2005 aka tabbatar da sokewar. Shaidar da suka iya gabatarwa ita ta cece su. Sanin da ke bakin tsofaffinmu da wanzamai da ungozomomi, in ba a rubuta shi ba, ranar da suka kau ya tafi ke nan, ko kuwa wani ya zo ya ɗauka ya sayar mana.

Wannan aiki ne da ya dace da ɗalibanmu. Masu karatun kimiyyar sinadarai da harhaɗa magunguna da aikin gona a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, kowace shekara suna neman abin da za su yi bincike a kai, ga shi kuwa a ƙofar gida. Wane lokaci ya fi dacewa a tsinci 'ya'yan? Yaya za a shanya su kada su yi fumfuna? Kashi nawa ya isa a sa a sabulu? Wata nawa man ke yi a zafin ƙasarmu kafin ya lalace? Amsar kowace ɗaya daga cikin tambayoyin nan tana iya zama sana'ar mata a ƙauye. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Abuja ta taɓa nuna cewa abin mai yiwuwa ne, lokacin da ta samar da maganin sikila mai suna Niprisan daga haɗin tsirran gargajiya.

Ma'aikatan ƙananan hukumomi ma suna da rawar takawa. Sashen lafiya na iya sa malaman tsabta da na asibiti su riƙa zagaya makarantu suna duba kan yara, domin a kama makero da ƙazuwa tun da wuri. Sashen gona na iya koya wa ƙungiyoyin mata tsintar 'ya'yan darbejiya da shanya su da matse su cikin tsabta. Shugabannin makarantun kwana kuwa su san abin da ke cikin akwatunan ɗalibansu, su kuma faɗa musu abin da ake shafawa da abin da ba a kai wa baki.

Ga mai karatu kuwa, wanda wataƙila kwalbar tana kan teburinsa a yanzu, shawarar ba ta da yawa. In kuraje ne marasa tsanani, ko amosani, ko cin ruwa, ya sirka ya gwada a dantse, ya shafa da haƙuri. In ya yi wata guda bai ga sauƙi ba, ko abin ya ƙaru, ya nufi asibiti. In yaro ne ba shi da lafiya, a fara da asibitin. Kwalbar kuma, ta ti-tiri ce ko ta darbejiya, a ɗaga ta sama a kulle. Allah ya ƙara mana lafiya.